Malam Ya Cika

Shekarata bakwai, haƙoran gaba biyu sun zube,
ban taɓa wuce bakin lungunmu ni kaɗai ba.
Ko masallaci, sai hannuna cikin na wani.

Wata Laraba da damina, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba,
Inna ta fito daga ɗakin Kaka Iro ba takalmi.
Ta duba tsakar gida, maza duk suna gona,
daga ni sai akuya.
"Sada, ka san gidan Goggo Yalwa a Rafindadi?"
Na ce na sani. Rabinsa ƙarya ne.
"Ruga, ka ce mata Malam ya cika.
Kada ka tsaya wasa."

Na fita, Katsina duk ta zama tawa.
Ba mai cewa koma gefe, ba mai jan kunne.
Na tsallaka kwalta da ƙafata,
mota ta yi mini ham, na yi mata gwalo.
Duk ruwan da ya kwanta a hanya sai da na taka shi.
Hasumiyar Gobarau ta leƙo ta saman soraye,
na ce, ke ma shaida ce, yau na girma.

Ya cika, ya cika, nake ta nanatawa,
na tallabo saƙon kamar ƙwaryar nono, kar ya zube.
Randa ke cika.
Wata ke cika daren sha huɗu.
To Kaka da me ya cika,
shi da kunu cokali uku ya gagare shi tun Asabar?

Sulen da ya ba ni ran Juma'a na nan a aljihu,
na sayi rake gaɓa biyu.
Mai raken ya ce, "Samari, ina zuwa?"
Na ce, "Aike na aka yi," ina tura ƙirji.
Sau biyu na ɓata.
Wani tsoho mai rini, hannuwansa shuɗi har gwiwa,
ya nuna mini hanya da haɓa.

Goggo na tankaɗe a gindin dalbejiya.
Na yi sallama irin ta manya,
na sauke saƙon ina murmushi, ruwan rake a gemuna.
Rariya ta suɓuce.
Gari ya rufe mata ƙafafu, kaji suka taru.
Ta ce Innalillahi, ta sake cewa,
ta shiga neman mayafin
da ke rataye a kafaɗarta.

A hanyar komawa ta damƙe hannuna har ya yi zafi.
Ni na riƙa cewa nan za mu bi, nan za mu karya.
Har yau ban sani ba
ko ita ke riƙe da ni, ko ni ke riƙe da ita.

Takalma a ƙofar zaure ba su ƙirguwa.
Zaure ya cika, tsakar gida ta cika,
har gindin turmi mutane ne.
Kafin la'asar aka fita da shi a kafaɗu.
Na leƙa ɗakinsa:
buzu, buta da sauran ruwa, carbi a ƙusa,
da ramin da bayansa ya yi a katifa.
Ko'ina ya cika, ban da nan.

Da dare na kai yatsa hancin ƙanwata Kilishi,
na ji ɗumi na fita, na komawa.
Na ƙirga nawa numfashin har na rasa lissafi.
Na ce, "Inna, yara ma suna cika?"
Ta ja mini zane har wuya,
ta ce, "Yi barci."
Ba ta ce a'a ba.

Bayan sadakar uku aka aike ni sayen gishiri.
Gaɓar raken nan ta biyu na aljihu, ta bushe.
Na isa bakin kwalta na tsaya,
na duba dama, na duba hagu,
na sake duba dama.