Akwatin da Ya Ga Teku

Ran Talata tirela ta sauke shi a Tumfure,
ja, irin jan bakin mai cin goro,
gefe guda ya lotsa.
Yara suka kewaye shi suna ƙwanƙwasawa,
yana amsa musu da muryar rijiya.

Ni Bappayo, shekara ashirin da uku
ina cin abinci tsakanin wuta da ƙarfe,
ban taɓa ganin teku ba.
Ruwa mafi girma da idona ya sani
shi ne na Dadin Kowa.
Amma wannan kwantena ta kwana bisa teku
fiye da kwanakina a ɗakin gyatumata.
Da na zare sakata, wani wari ya tarye ni,
ba na ƙasarmu ba:
gishiri, baƙin mai, da wani abu kamar ɗanyar citta.
A lungu na tsinci ƙwayar hatsi huɗu
da ban san sunansu ba.
Na jefa a aljihu.

Mai kayan Adda Dudu ce, mai ɗinkin zannuwan gado.
Bara, tsakiyar damina, kwari ya zo mata da dare,
bai yi sallama ba.
Ya fara da makewayi, ya haɗiye madafa,
kafin kiran assalatu ɗakin da ta haifi 'ya'ya biyar
ya durƙusa kamar raƙumi, ya bi ruwa.
Keken ɗinki kaɗai ta fitar, a ka.

Ta ce, "Na gaji da gida mai saiwa.
Yi mini wanda in ƙasa ta sake buɗe baki
zan kira mota mai ƙugiya ta ɗaga shi,
in bar ta da hamma."

Na ɗauki alli na zana taga a gabas.
Ta goge da bakin mayafi,
ta ce in ƙara taƙi biyu,
idonta ya fara rigima da kafar allura.
Giranda ta kama kuka,
tartsatsi ya yi ta zuba kan silifas ɗina,
har faifan ƙarfen ya saki, ya faɗi rim!
Sai haske ya shiga,
ya tsaya tsakar ɗaki
kamar baƙon da ba a nuna wa tabarma ba.

Maigari mai faci, daga ƙarƙashin rumfarsa, ya yi dariya:
"Tanda kuke ginawa!
Bari bazara ta zo, mu sayi gurasa a nan."
Ban musa ba. Na san halin ƙarfe da rana,
abokan gulma ne.
Shi ya sa na shiga tsakaninsu:
soso a jikin bango, falanki a kan soso,
rumfar kwano a bisa, da ratar kamu guda
don iska ta sami hanyar wucewa.
Muka ɗora shi kan bulo shida
inda inuwar darbejiya ke faɗuwa bayan azahar.

Labule ya raba shi biyu:
can gado da akwatin tufafi,
nan keke, almakashi, da bencin masu jiran ɗinki.
Da na zo da fenti zan shafe lambobin jikinsa,
ta riƙe mini hannu.
"Bar masa sunansa.
Kowa da inda ruwa ya kwaso shi."

Cikon kuɗina saura dubu goma sha ɗaya.
Ta ba ni zanin gado mai furen kuɓewa,
ta ce sauran sai bayan salla.

Jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Da safe na biya, na iske ta tana zare a allura
ba tare da ta kira jikanta ba.
Na ce, "Kin yi barci?"
Ta ce, "Ina fa! Rufin nan makaɗi ne.
Amma na kwana ina jin ruwa a sama,
ba a ƙarƙashina ba."

Ƙwayoyin nan huɗu kuwa,
na binne su a gwangwanin tumatir bayan shagona.
Biyu sun tsiro.
Har yau ba wanda ya gane ganyen.
Ina dai ba su ruwa.