Zanen Tirela

Bara, a bakin tafkin Superior,
ruwan buta ya daskare kafin asuba.
Na girgiza ta, ta yi gum kamar dutse.
Uwani ta dube ni daga ƙarƙashin bargo uku,
ba ta ce uffan ba,
amma na san maganar kwanan daji ta mutu.

Wata tara tirelar na zaune bayan gida a Duluth,
tsohuwa ce, ta girmi ɗanmu na fari.
Hannun Arvo maƙwabcina na saye ta,
a kan kuɗin da har yau ban faɗa a gida ba.

Ran Asabar na kunna kyandir,
na bi ta lungu-lungu da rarrafe.
Duk inda harshen wuta ya sunkuya,
nan ɓarawon ke shigowa:
ƙarƙashin ƙofa, gefen taga,
ramin waya da ɓera ya faɗaɗa don kansa.
Sha ɗaya na ƙirga, na liƙe da roba da danƙo.
Na sha biyun ban gan shi ba,
sai da ya hura mini a ƙeya.

Arvo ya leƙo ta kan shinge, kofi na tururi:
"Sanyi ba ta sama yake faɗo wa mutum ba,
ta tafin ƙafa yake hawa."
Sai na ɗaga katakon daɓe,
na jera soso mai kaurin katifa,
na mayar, na buga ƙusa, na bugi yatsa,
na shimfiɗa darduma, na ɗora wata a kai.
Bututun ruwa kuwa na naɗe shi tsaf
kamar mai ɗori ya samu karaya.

Labulen taga ne ya gagare ni.
Uwani ta zo wucewa da kwandon wanki,
ta ce, "Wannan ɗinki ko tafiyar kaguwa?"
Ta zare allurar daga hannuna, ta zauna.
Na juya baya ina neman guduma
da ke riƙe a hannuna.

Da na kunna murhun gas, ɗaki ya yi ɗumi,
sai rufin ya fara hawaye.
Ashe numfashinmu ne ke komawa sama
ya dawo mana ɗigo-ɗigo a goshi.
Arvo ya ce, "Ka toshe ta har ta kasa numfashi.
Bar mata ƙofar hanci."
Na buɗe 'yar kafa a rufi, faɗin yatsa biyu,
na rataye na'urar da ke ihu
in iskar da ba ta da wari ta taru.
Wanda ya kori sanyi duka,
ya duba da wa ya kwana.

Aikin ƙarshe, tamfol mai nauyi.
Na kewaye gindinta har ƙasa,
na danne da bulo, na tura ƙanƙara a baki,
iska ta zo ta rasa ta ina.
Uwani ta tsaya, hannu a ƙugu:
"To, yau dai ka ɗaura wa tsohuwa zane."

Daren gwaji a ƙofar gida muka yi shi,
taku goma daga gadonmu, saboda tsaro.
Ba mu koma ba.

Jiya muka dawo bakin tafkin.
Itatuwa na ƙara kamar ana karya ƙashi,
ruwa ya zama faranti har iyakar gani.
Da asuba na laluba, na ɗaga buta,
ta ce ƙul-ƙul a hannuna.
Na yi alwala a hankali, ina jin kowace gaɓa.

Da na sallame, na waiga.
Ƙafar Uwani ɗaya ta fito daga bargo,
babu safa,
tana neman inda ya fi sanyi.