Hannu Ba Ya Mantuwa

Ni ake aiko wa yaro da asuba
idan numfashi ya ƙare a wani ɗaki.
Shekara ashirin da 'yan kai
ina jiƙa ganyen magarya a ƙwarya,
ina yi wa matan Achida wankan ƙarshe.
Bakina a rufe yake, haka na gada.
Amma hannu ba ya mantuwa.

Hannun nan ya san Kuluwa mai tafarnuwa,
wadda ta yi damina biyu tana lulluɓi har wuya,
muka ce sanyi take ji.
Ran da na kwance zanen
sai da na fita bayan rumbu na sha iska.
Tsumma kan tsumma, tumfafiya, toka da man shanu,
ƙarƙashinsu nonon hagu ya buɗe
kamar albasar da ruwa ya kwana a kanta.
Ko uwarta ba ta sani ba.

Ya san Hajo da aka ce jifa ce,
ta sha sassaƙe har harshenta ya daina jin ɗaci.
Ya san Ige, mai cewa daji ba ya son ƙarfe,
in allura ta taɓa shi sai ya fusata.
A bakin rijiya ta rantse mini.
Wata bakwai tsakani na ɗaure mata haɓa.

Bara mota ta zo daga Sakkwato,
aka rataya labule a ɗakin awo,
aka share benci uku, aka yi shela.
Mata shida suka je.
Saura muna fadama, albasa ba ta jiran kowa.
Wata mai gida bai ce e ba,
wata ta ce, "Ina zaman zamana
in kai ƙirjina a nemo mini abin da bai neme ni ba?"
Na yi dariya tare da su,
ni da na san abin da na sani.

Daren Talata ina cuɗa jikina
sai yatsa ya tsaya.
Ƙwallon magarya guda, can gefen hammata,
ba zafi, ba ja, ba ya gusawa.
Shirunsa ya hana ni barci.

Na sayar da tiya biyu ta tafarnuwa,
na hau kabu-kabu ban ce wa kowa ba.
Malama Saratu ta ce in kwanta, in ɗaga hannu.
Yau ni ce a miƙe, wata ke kwance mini zane,
sai dai idona biyu,
ina kallon ƙadangare a jikin taga.
Yatsunta sun daɗe a wurin.
Ta ce, "Gwaggo Tumba, ban ce shi ne ba,
ban ce ba shi ba ne.
Amma kin zo tun yana ƙarami."
Ta rubuta takarda zuwa birni.

Alhamis zan karɓo sakamako.

Jiya a gidan suna na ture labulen uwar ɗaki,
na kama hannun 'yar Kuluwa
na ɗora a ƙirjina, na ce taɓa nan.
Ɗakin ya yi tsit, har mai rabon goro ta tsaya.
Ban kira sunan kowa ba, amana amana ce.
Na ce dai ku kwance zanenku da hannunku
kafin a aiko mini yaro.