Dutsen Bakin Akurki

Ni na manta dutsen.
Ban faɗa wa kowa ba a unguwarmu,
ko Gwaggo Tasallah da ta goye ni.
Na kara murfin kwano a bakin akurki,
na ce in na dawo daga dandali zan danne.
Hira ta yi daɗi, barci ya yi awon gaba da ni.

Da assalatu gashi ya rufe tsakar gida
kamar an kwana ana shiɓar auduga.
Ga sawun muzuru a damshin gindin randa,
ya bi ta rariya, ya faɗa kacala.
Bakwai muka kwana da su,
biyar muka ƙirga,
a biyar ɗin ma biyu jina-jina.

Toro na tsaye, fatar wuya a ɗaye.
Da ma shi ba mai baki ba ne, huci ne nasa,
yau ko hucin ya gagara.
Ɗan'azumi ya leƙo ta kan danga:
"A sa wuƙa tun da sauran numfashi,
kada a yi biyu babu, ba agwagwa ba romo."
Gwaggo ko ɗaga kai ba ta yi ba.
Ta ce, "Wuƙa ba ta da ƙafa.
Ɗora min ruwa, kawo gishiri."

Idonta ya daina ganin kafar allura,
ni na zura zaren, baƙi, na ɗinkin zanenta.
Na matse toro tsakanin gwiwoyina,
zuciyarsa na kaɗa kalangu a tafin hannuna,
tawa na amsa masa.
Ɗinki shida, na bakwai ya zame, ta sake.
Ta laƙato man kaɗanya ta shafe,
tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa
kamar yaron da ya faɗo daga kan goruba.

Fara kuwa ƙafa ce ta karye.
Sillen kara biyu, yagen tsohon ɗankwali,
ɗori ya ɗauru.
Muka kife su da kwandon kifi a inuwar zaure,
muka yafa yagaggen gidan sauro
don ƙuda ba ya jiran gayyata.

Mai Tozali ce ba mu duba ba.
Ba jini, ba ɗingishi, tana laɓe bayan turmi.
Kafin la'asar ta sa kai a ƙasa.
Wadda ba ta nuna ciwonta ba, ita ta tafi.
Ƙwanta tara, da sauran ɗumi,
Gwaggo ta kwasa a haɓar zane
ta kai wa kazar Sabuwa aro.

Kwana goma sha ɗaya ina dama dusa.
Na taka har Miga na sayo kafso,
ja da rawaya, ina barbaɗawa a kasko.
Ina buɗe baki mai faɗi da yatsa,
ina ɗiga ruwa, ina cin cizo.
Suna jin ƙamshin fadama daga nan,
suna tura kwando da ƙirji,
ni ina hana ɗan ruwa ruwa.
Da dare in kwanta a ƙofar zaure da sanda,
kowane motsin ganye muzuru ne.

Ranar da muka warware zaren
toro ya nufi kududdufi, wuya a karkace
kamar mai sauraron gulma.
Fara na bin sa, taku ɗaya da rabi.
Ya tsoma kai, ya ɗago, ya watsa ruwa a baya,
sai ga hucin ya dawo.

Da magariba Gwaggo ta kira ni bakin akurki.
Ta nuna dutsen da ƙafa,
yana nan gindin zogale inda na bar shi,
har gansakuka ta fara kama gefensa.
Ashe kullum ta gefensa take shara.
Ta ce, "Ya fi ƙarfin hannuna yanzu."
Ba ta ƙara ba.

Na sunkuya na ɗauka.
Bai kai nauyin da na yi ta ɗauka ba.