Zuma a Teburin Bincike

Karen aikinmu ya zauna gaban akwatinta,
haka yake faɗin abin da ya shaƙa.
Ƙarfe biyar na asuba, Auckland na barci,
ni da Hinewai kaɗai a bakin aiki.

Tsohuwa ce daga tsibirin Kriti, Evanthia a fasfo,
ta taso zama wurin ɗanta, ba tikitin komawa.
Da kanta ta zuge zif.
Safa mai kauri ta jikar da ba ta taɓa goyawa ba,
mayafin tebur, sabulun zaitun guda shida,
duk na ce su wuce.

Can ƙasa, naɗe cikin rigar sanyin namiji,
kwalbar zuma.

Na nuna mata allo: zuma ba ta shiga ƙasar nan,
ƙudan zumanmu ba su san ciwon na waje ba.
Ta ce daga amyar mijinta ce, ɗiban ƙarshe
kafin ya kwanta bai tashi ba.
Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ta buɗe murfi, ta tsoma yatsa,
ta lasa a hankali kamar mai karanta wasiƙa,
sannan ta sa farce ta ɓare takardar jikin kwalbar
inda ya rubuta shekara da sunan tsauni.

Ta ɗago mini ita. Wannan fa?

Takarda ce, Mama. Takarda tana wucewa.

Kwalba ta tafi kwandon ƙonawa.
Har na tashi aiki
teburina na ƙamshin furen da ban san sunansa ba.