Ɗigo a Allon Arzika

Tun ladanin Jega bai gyara murya ba
waya ta yi kuka a ƙarƙashin matashina.
"Nomau, buhu ɗari shida, shinkafa.
Argungu za ka ɗauka, Ikko za ka sauke,
Alhamis kafin azahar."
Ba sallama. Sallamarsa ke nan.

Shekara bakwai muryar nan na kunnena,
ta fi uwar 'ya'yana kiran sunana.
Ban san ko dogo ne ba, ko yana da gemu.
Na dai san tarinsa.
Na san in ya ce "to" sau biyu,
manaja na tsaye a kansa.

A allonsa ni ɗigo ne:
kore in ina tafiya, ja in na tsaya.
Ɗigo ba ya jin fitsari,
ba ya alwala, ba ya tsayawa tsire a Koko,
ba shi da ƙugun da gargada za ta ƙage.
Na kashe inji gindin wata ɗorawa,
ko hula ban gama rufe fuska da ita ba:
"Mi ya hwaru? Ka yi ja."
Na ce, "Arzika, taya goma sha takwas gare ni,
amma ido biyu ne kacal."

Man da suke auna mini kamar da cokali
sun lissafa shi a hanya mai santsin tafin hannu.
Babu kwana biyun cunkoso a Mokwa cikin lissafin,
babu hannun da ke miƙowa a shinge,
wanda bai taɓa ba da rasit ba.
Wata ya ƙare, an yanke lita arba'in a albashina.

Na ce yau akwai ta.
Na bar wa Ɗanhajo mota da makulli a gareji,
na nufi ofishinsu a Birnin Kebbi
da magana cike da kumatu.

Wani ɗan tsurut na tarar,
ƙafar tabaransa ɗaure da zare.
Waya biyu na kuka a tebur,
ta uku maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.
Kokon safe ya yi fata a kofi.
Ɗigo arba'in da ɗaya a allo,
kowanne da mai kaya yana zagi a bayansa.
Ya yi tari.
Nan na gane shi.

Ya miƙe, bai kai kafaɗata ba.
Ya jawo takarda daga ƙarƙashin faranti:
sau uku ya rubuta sama a maido mini litar nan,
sau uku jan biro ya ratsa.
Masinja ne ya nuna mini benci da leɓe:
"Daren da birki ya ƙwace maka a Tegina,
nan ya kwana, sai da ka koma kore."

Maganar da na zo da ita na haɗiye, da ɗacinta.

Da zan fita ya rage murya:
"Wai kogin nan na Jebba,
da gaske ya ɗara na Yawuri?
Ni iyakata Yawuri."
Mutumin da ya san kowace kwana da mintinta!
Na ce, "Ruwa ɗaya ne, Arzika,
can dai ya fi fushi."

Litar ba ta dawo ba.

Ran Talata a kan gadar na sauke giya,
na kira shi, na miƙa wayar ta taga.
Ina jin iska kawai ya ji,
da hon ɗin na bayana.
Ya yi shiru, dogo,
irin wanda kamfani ba ya biya.
Sai ya yi tari, ya ce,
"To. To.
Nomau, kana baya da awa biyu."