Ranar Maidowa

Naira ɗari biyu na biya a ƙofa,
ƙofar da a da sallama kaɗai ke buɗe ta.
Yarinya mai yaga tikiti ta ce, "Baba, ban da taɓawa."
Na ce to.
Ban gaya mata ƙusar bencin can
ta san wandona tun ba a haifi uwarta ba.

Inda kantar tarihi take, ma'aunin auduga ne yanzu,
ya miƙa hannu yana jiran buhun da ba zai zo ba.
Ga fitilar jirgin ƙasa, ido ɗaya ja, ɗaya kore,
ga aska takwas an rataye ba wuya a ciki,
ga wuri cike da ƙoƙo, ba ya sayen ko ƙuli-ƙuli.
Fankar sama ce kaɗai ba ta yi ritaya ba,
tana girgiza kai irin na Malam Barau
in ya ga an lashi yatsa za a juya shafi.

Allah ya jiƙan Malam Barau,
mai tsawa da ido.
Da azahar sai ya kifa hularsa kan hatimi,
ya bar mana ɗakin, mu da ƙadangaru.

Can lungun ƙarshe, cikin akwatin gilashi,
ga rajistar aro a buɗe.
Duk shafukan duniya aka rasa na buɗewa sai wannan.
Layi na tara, rubutunsa mai jingina hagu:
Jatau Dikko, Tudun Wada, aji shida.
Littafin taurari, mai koren bango.
Ranar ɗauka, an cike.
Ranar maidowa, fari fat.

Shekara hamsin da ɗaya, kwabo kowace rana.
Na fara lissafi, na bari.

Yana gida, ƙarƙashin adakar marigayiya Asabe.
Gara ta cinye Zara,
ta rage mini Kaza da 'ya'yanta.
Da shi na yi ta kwana kan soron kakana a Kusfa
ina neman sunan kowace fitila a sama.

'Yan makaranta suka shigo, malaminsu na nuni da biro:
"Ku ga yadda mutanen da ke riƙon amana."
Na ja hula ta sauko goshi.

A bakin ƙofa na tsaya gun yarinyar.
"In mutum ya kawo tsohon abu, kuna karɓa?"
Ta ce, "In yana da tarihi."
Na ce, "Yana da tara."